Ƙofa Goma Sha Biyar, Waya Ɗaya: Yadda Ƙaramar Ƙwaƙwalwar Lantarki Ke Gane Maɓallin da Aka Danna

Gabatarwa

Duk wanda ya duba iyafis ɗin da matasa ke saƙalawa a kunne a Kasuwar Kurmi ko ta Ƙofar Wambai zai ga maɓallai uku a jikin igiyarsa: na ƙara murya, na rage murya, da na amsa kira. Amma in aka feɗe igiyar, waya ɗaya tak za a tarar tana kai saƙon maɓallan duka, kuma ita ce dai take ɗauke da muryar mai magana. To, ta yaya wayar salula take bambance wanda aka danna? Amsar wannan tambaya tana da amfani ga ɗalibin da yake haɗa na'urarsa ta farko, haka kuma ga mai gyaran rediyo da talabijin, wanda rashin sanin wannan dabara kan sa ya canza kaya mai tsada alhali ƙaramin maɓalli ne ya lalace.

Matsalar Ƙarancin Ƙafafu

Maikurokwantirola wata ƙaramar kwamfuta ce da aka cusa a cikin ayisi guda ɗaya, tana da sashen lissafi da ma'adanar bayanai da kuma ƙafafun ƙarfe waɗanda take hulɗa da waje ta hanyarsu. Ɗaya daga cikin na farko da suka shiga kasuwa ita ce TMS1000 ta kamfanin Texas Instruments na Amurka, a shekarar 1974. A yau ana samun irinta a cikin rimot da injin wanki da inbata da mitar wuta. Wadda ɗalibai suka fi sabawa da ita ita ce ATmega328P, wadda take kan allon Arduino Uno. An faro aikin Arduino ne a garin Ivrea na ƙasar Italiya a shekarar 2005, allon Uno kuwa ya fito a 2010. Wannan allo yana da ƙafafu 20 na aiki: 14 na saƙon dijital, 6 kuma masu iya auna matsin lantarki.

A ƙaddara cewa ƙungiyar kimiyya ta wata makarantar sakandare a cikin birni ta yi niyyar zana taswirar ganuwar Kano a kan katako domin baje kolin ƙarshen shekara. Ganuwar nan, wadda tarihi ya nuna Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara gininta, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), ana lissafa mata ƙofofi 15: Nasarawa, Sabuwar Ƙofa, Ɗan'agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya, Kabuga, Kansakali, Waika, Dawanau, Ruwa, Mazugal, Wambai da Ƙofar Mata. Ɗaliban suna so kowace ƙofa ta sami maɓallinta, in baƙo ya danna sai sunanta da ɗan tarihinta su bayyana a ƙaramin gilashin rubutu. Gilashin kaɗai yana cin ƙafafu 6, saura 14 ke nan, ga shi kuwa maɓallai 15 ake buƙata. Tun ba a je ga batun fitilu da ƙararrawa ba, ƙafafu sun ƙare. Sayen babban allo yana nufin ƙarin kuɗi, abin da ƙungiyar makaranta ba kasafai take da shi ba.

Darasi Daga Kalangu

Yadda aka saba, kowane maɓalli yana da ƙafarsa, kuma ƙafar abu biyu kawai take ganewa: akwai wuta, ko babu. Wannan shi ne saƙon dijital. Amma makaɗin kalangu bai tsaya ga "na buga" da "ban buga ba". Fata ɗaya yake bugawa, sai dai yana matse tsirkiya a hammatarsa ko ya sassauta, amo ya hau ko ya sauka, har mai sauraro ya ji sunan wanda ake yi wa kirari. Ba yawan fatu ne ke kawo yawan saƙonni ba, bambancin matakan amo ne. Haka ma waya ɗaya za ta iya ɗaukar saƙonni da yawa matuƙar an ba kowane maɓalli matakinsa na matsin lantarki, sannan aka sami kunnen da zai rarrabe matakan.

Dokar Ohm da Rabon Matsi

Matsin lantarki, wanda ake aunawa da bolt, ya yi kama da ƙarfin da ruwa yake saukowa da shi daga tankin da aka ɗora a kan tudu irin Goron Dutse. Rezista kuwa tamkar siririn bututu ce da take takura gudun ruwan. Wannan takurawa ita ake kira turjiya, ana kuma auna ta da om, sunan da aka samo daga Georg Ohm, masanin Jamus da ya bayyana dokarsa a shekarar 1827. Dokar ta ce matsin da yake kan rezista daidai yake da yawan lantarkin da ke ratsa ta, sau turjiyarta.

Daga wannan doka wani abu mai muhimmanci ya fito. In aka jera rezista biyu, ɗaya a bayan ɗaya, tsakanin bolt 5 da layin sifiri, za su raba matsin gwargwadon girman kowace, kamar abokan ciniki biyu da suke raba riba gwargwadon jarin kowa. Matsin da za a samu a mahaɗarsu shi ne:

Matsi = 5 × turjiyar ƙasa ÷ (turjiyar sama + turjiyar ƙasa)

Idan dukkansu om 10,000 ne, za a sami bolt 2.5 a tsakiya. Idan ta ƙasa ta fi ƙanƙanta, matsin zai sauka. Idan ta fi girma, zai hau.

Dabarar ke nan. A ɗauki rezista ɗaya mai om 10,000 a haɗa kanta ɗaya da bolt 5, ɗaya kan kuma da ƙafar awo ta maikurokwantirola. Daga wannan ƙafa sai a ja waya guda ta bi ta wajen maɓallan duka. Kowane maɓalli a ba shi tasa rezistar mai girma dabam, wadda za ta haɗa wayar da layin sifiri a lokacin da aka danna shi. Muddin ba a taɓa komai ba, ƙafar tana ganin bolt 5 cif. Da zarar an danna wani, rezistarsa ta zama ta ƙasa, matsin ya faɗo zuwa matakin da ya keɓanta da shi.

Kunnen da Yake Rarrabewa

A cikin ATmega328P akwai wani sashe da yake mayar da matsin lantarki zuwa lamba, wanda ake taƙaita sunansa da haruffan ADC. Aikinsa irin na mai awon hatsi ne: ba ya ƙirga ƙwayoyi, mudu yake cikawa ya faɗi adadi. Yana raba tazarar da ke tsakanin sifiri da bolt 5 zuwa matakai 1,024, daga 0 zuwa 1023, wato kowane mataki bai kai kashi 5 cikin dubu na bolt ɗaya ba. A kan allon Uno yana iya yin awo kusan sau 10,000 a cikin daƙiƙa ɗaya, saboda haka babu yatsan da zai riga shi.

Ga lissafin maɓallai biyar da aka yi da rezistocin da aka saba samu a shagunan kayan lantarki:

Maɓalli na 1: babu rezista, bolt 0, lamba 0
Maɓalli na 2: om 2,200, bolt 0.90, lamba 184
Maɓalli na 3: om 6,800, bolt 2.02, lamba 414
Maɓalli na 4: om 15,000, bolt 3.00, lamba 614
Maɓalli na 5: om 33,000, bolt 3.84, lamba 785
Ba a danna komai ba: bolt 5, lamba 1023

Ana gane rezistocin ta launukan zoben da ke jikinsu. Mai om 2,200 ja ce sau uku. Mai 6,800 shuɗi da ruwan toka da ja. Mai 10,000 ruwan ƙasa da baƙi da ruwan lemo. Mai 15,000 ruwan ƙasa da kore da ruwan lemo. Mai 33,000 kuwa ruwan lemo sau uku.

Kuskuren Sabon Shiga

Kuskuren da ɗalibi ya fi saurin faɗawa a ciki shi ne ya rubuta wa na'urar umarnin cewa in ta ga 614 cif, to maɓalli na 4 ne. Wannan na'ura ba za ta yi aiki ba sai da sa'a, domin babu rezistar da take daidai da abin da aka rubuta mata. Zobe na huɗu mai ruwan zinariya yana nufin turjiyar za ta iya hawa ko ta sauka da kashi 5 cikin ɗari. Mai om 15,000 tana iya kasancewa ko'ina daga 14,250 zuwa 15,750, ita ma ta sama tana da nata saɓanin. In aka lissafa mafi munin haɗuwarsu, maɓalli na 4 zai iya ba da kowace lamba daga 589 zuwa 638.

Maganin abin shi ne a shata iyakoki, kamar yadda ake shata iyakar gonaki, a tsakiyar kowane matakai biyu masu maƙwabtaka. Umarnin sai ya kasance kamar haka: ƙasa da 92, maɓalli na 1, daga 92 zuwa 298, na 2, daga 299 zuwa 513, na 3, daga 514 zuwa 699, na 4, daga 700 zuwa 903, na 5, daga 904 zuwa sama, ba a danna komai ba. Da wannan tsari maɓalli na 4 yana da fili mai yalwa ta kowane ɓangare, ko da rezistarsa ta kauce.

Wannan fili shi ne ƙashin bayan dabarar baki ɗaya. Duk maɓallin da aka ƙara a kan waya, filin sauran yake ci. In ɗaliban taswirar ganuwa suka ce lallai sai ƙofofi 15 sun hau ƙafa ɗaya, tazarar da ke tsakanin mataki da mataki za ta koma 68 kacal, wato 34 ta kowane ɓangare. A matakan tsakiya, saɓanin rezista mai zoben zinariya kaɗai yana iya cinye 26 daga ciki, saura 8. Nan ne baƙo zai danna Kansakali a nuna masa Waika. Hanya biyu ce mafita: ko a sayi rezistoci masu saɓanin kashi 1 cikin ɗari, ko kuma a kasa ƙofofin gida uku, biyar-biyar, a kan ƙafafun awo uku. Ta biyun ta fi araha, ta kuma fi aminci. Maɓallai 15 sun ci ƙafafu 3, gilashi ya ci 6, an bar 11 domin sauran buƙatu.

Abubuwan da Ke Kawo Cikas

Na farko shi ne rawar maɓalli. Lokacin da aka danna, ƙarafan da ke ciki ba sa haɗuwa nan take. Sukan yi ta haɗuwa suna rabuwa na wasu 'yan kashi cikin dubu na daƙiƙa. A wannan ɗan lokaci matsin yana ratsa gonakin wasu maɓallan kafin ya zauna a nasa. Na'urar da ta yi gaggawar yanke hukunci za ta faɗi ƙarya. Don haka ake umartar ta da ta auna, ta jira kamar kashi 20 cikin dubu na daƙiƙa, ta sake aunawa, kada ta amince sai amsoshin sun zo ɗaya.

Na biyu shi ne danna maɓalli biyu tare. A nan rezistocin biyu suna zama hanyoyi biyu da lantarki zai bi, turjiyarsu ta haɗaka kuma takan gaza ta kowace ɗaya. In aka danna na 4 da na 5, haɗakar om 15,000 da 33,000 za ta ba da kusan 10,300, lambar kuma 519. Wannan yana cikin gonar na 4, amma mataki 5 ne kawai tsakaninsa da iyaka, ɗan saɓani kaɗan zai sa na'urar ta ce na 3 aka danna, wanda ba wanda ya taɓa shi. Saboda haka wannan tsari bai dace da aikin da yake buƙatar danna maɓallai da yawa lokaci guda ba, kamar madannan kwamfuta.

Na uku, wanda ya fi shafar mazauna Kano, shi ne ƙura da tsatsa. Ƙurar hunturu da laimar damina da gumin hannu suna shiga cikin maɓalli su dusashe ƙarafansa, sai ya zamana shi kansa maɓallin ya sami turjiya. A lissafin da ya gabata, idan dattin maɓalli na 1 ya kai om 1,200, lambar za ta tashi daga 0 zuwa 110, ta tsallake iyakar 92, na'urar ta ɗauka na 2 ne. Wannan shi ne asalin wata cuta da aka sani a jikin tsofaffin talabijin da rediyon mota: a danna ƙarin murya, tasha ta canza. Mai kayan yakan zaci ƙwaƙwalwar na'urar ce ta rikice, alhali lafiyarta ƙalau, abin da aka kawo mata take faɗa. Mai gyaran da ya san wannan zai fara auna turjiyar kowane maɓalli da mita. Lafiyayye yakan nuna kusan sifiri in an danna shi, wanda ya nuna ɗaruruwan om kuwa shi ne mai laifi, kuma canza shi bai kai ko kusa da kuɗin sabon allo ba.

Akwai kuma wata fargaba da ba ta da tushe in an yi haɗin daidai, wato raunin batir. Idan matsin ya sauka daga bolt 5 zuwa 4.5, maɓalli na 4 zai ba da bolt 2.7 maimakon 3. Sai dai matuƙar sashen awo yana gwada matsin ne da wannan wutar da take ciyar da rezistocin, mudun ma ya ƙanƙance daidai da hatsin, lambar tana nan 614. Wannan sifa tana da daraja a inda ake dogaro da batir da hasken rana.

Komawa ga Iyafis

Yanzu tambayar farko ta sami amsa. Filogin iyafis mai kaurin milimita 3.5 yana da gaɓoɓi huɗu. A tsarin da yawancin wayoyin zamani suke bi, daga tsini zuwa gindi, su ne: kunnen hagu, kunnen dama, layin sifiri, sai layin makirufo. Maɓallan suna tsakanin gaɓoɓi biyu na ƙarshe. Ƙa'idar Android ta tanadi om 0 ga maɓallin amsa kira, om 240 ga na ƙara murya, om 470 ga na rage murya, da om 135 ga maɓalli na huɗu in akwai shi. Ita ma ba lamba ɗaya cif take nema ba, iyakoki ta shata: daga om 210 zuwa 290 ƙarin murya ne, daga 360 zuwa 680 ragi ne. Wannan ya bayyana dalilin da tsohon iyafis yake rage murya in an ce ya ƙara: dattin om 200 ya ishi ya kai 240 zuwa 440. Iyafis ɗin kamfanin Apple kuwa wata hanya dabam yake bi wajen aika saƙon murya, shi ya sa sau da yawa maɓallansa na ƙari da ragi ba sa aiki a wayoyin Android. Maɓallan da ke jikin sitiyarin motoci da yawa su ma da wannan tsari na rezistoci suke magana da rediyo.

Wasu Hanyoyin

Ba wannan ce kaɗai hanyar tattalin ƙafafu ba. Akwai tsarin saƙa, inda ake jera maɓallai a layuka na tsaye da na kwance: maɓallai 16 su ci ƙafafu 8, maɓallai 12 irin na tarho su ci 7. Akwai kuma ayisi mai lamba 74HC165, wadda take tattara saƙon maɓallai 8 ta miƙa su ɗaya bayan ɗaya ta ƙafafu 3, tana kuma gane maɓallai da yawa da aka danna tare. Fifikon tsarin rezistoci shi ne araha da ƙarancin waya, domin igiya biyu sun isa a ja daga zaure zuwa cikin gida. Rauninsa kuwa shi ne amincinsa ya rataya ga tazarar da aka bari da kuma tsabtar maɓallan.

Aikin Gwaji a Aji

Gani ya kori ji, kuma malami ba ya buƙatar maikurokwantirola kafin ya nuna wannan darasi. Batir uku na tocila masu bolt 1.5 da rezistoci biyar da maɓallai biyar da mita ɗaya sun wadatar. Mitar ce za ta tsaya a matsayin sashen awo. Wajibi ne a tsaya ga batir kawai. Kada ɗalibi ya buɗe talabijin ko wata na'ura mai amfani da wutar gida, domin tsofaffin talabijin suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare su daga soket.

1. A haɗa da'irar da batir masu bolt 4.5, a lissafa matsin da ake sa ran gani ga kowane maɓalli, sannan a auna. Me ya kawo bambanci tsakanin lissafi da awo?

2. A juya mita zuwa awon turjiya, a ɗora tsinkenta biyu a kan gaɓoɓi biyu na gindin filogin iyafis, a danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya. A gwada sabo da tsoho, a rubuta sakamakon kowane.

3. A lissafa lambar da za a samu in aka danna maɓalli na 3 da na 4 tare. Gonar wa ta faɗa?

4. Turjiyar datti nawa ake buƙata kafin maɓalli na 2 ya tsallake iyakar 299?

5. A zaɓi rezistocin da za su ɗauki ƙofofi takwas a kan ƙafa ɗaya, a shata iyakokinsu, a faɗi ko masu zoben zinariya za su wadatar.

Kammalawa

An ga cewa ƙafa ɗaya tana iya karanta maɓallai da yawa idan aka ba kowane matakinsa na matsi ta hanyar rezista, sashen awo kuma ya mayar da matsin zuwa lamba. An kuma ga cewa nagartar aikin ba ta ga yawan maɓallan da aka cusa a kan waya, tana ga faɗin filin da aka bar wa kowane domin saɓanin rezista da ƙura da tsufa. Ɗalibin da ya amsa tambaya ta huɗu da kansa ya riga ya san abin da zai fara aunawa ranar da aka kawo masa talabijin mai canza tasha in an ce ya ƙara murya.